Ragon da Ya Ci Zanin Ƙanwata

A garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Agiye da Gazawa, ban taɓa jin wanda ya yi mummunan mafarki ya tashi ya zargi kansa ba. In mutum ya ga maciji, maƙwabci ne. In kare ya biyo shi, suruki ne. In ya faɗa rijiya, to wani ne ya haƙa ta, kuma kafin azahar zai gano ko wane ne. Kowa a garin yana da maƙiyi, amma in ka bi gida-gida kana tambaya ba za ka sami mutum ɗaya da ya yarda shi maƙiyin wani ne ba. Na daɗe ina mamakin inda maƙiyan nan suke kwana.

Mai fassara mana mafarki gwaggona ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke tuyar ƙosai a ƙofar gidanta. Ba malama ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita malama ce ba. Abin da ya ɗaure mata gindi shi ne mutanenmu sun yarda cewa mafarki yana bin bakin da ya fara fassara shi. In ka faɗa wa mai baƙin ciki ya ce mutuwa ce, to ka jawo wa kanka. Saboda haka da an idar da asuba sai ka ga mutum ya nufo kaskon gwaggo, baki a tsuke, ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau don kada mafarkin ya zubo a hanya. Ita kuwa tana juya ƙosai da tsinke tana saurare, ta ce alheri ne, amma a yi sadaka. Sadakar kuma ƙosai ce. Haƙori ya faɗi, ƙosai. An ga mamaci yana dariya, ƙosai. Akwai mai waina a bayan masallaci, amma a iya sanina ba a taɓa yin mafarkin da waina ke maganinsa ba.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko. A shekarun da nake ba da labari ina koyarwa can wajen Gidan Rumji, sai hutun damina nake dawowa gida in yi noma. Wata shekara aka tura mu Maradi wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku, irin wanda muke kira formasiyo, a kan yadda za a fahimci halin yara. Abin da aka koyar duk na manta. Amma rana ta biyu, bayan an ci abinci, mai koyarwar ya ga rabinmu na gyangyaɗi, sai ya saki darasi ya shiga zancen mafarki. Ya ce duk abin da mutum ya gani a barci daga cikinsa ya fito. Macijin kai ne, karen kai ne, rijiyar ma kai ne. Ya ce wanda ya koyi karanta mafarkinsa zai san kansa, ya gyara halinsa, ya zama mutum. Bai fi rabin awa yana wannan magana ba. Na dawo gida da jaka mai tambari, da biro biyu, da wannan rabin awar.

Kafin hutun ya yi nisa na buɗe nawa shagon. Akwai dakali a ƙofar gidanmu ƙarƙashin dogon yaro, inda maza ke shan shayin safe kafin a tafi gona, nan na kafa kujera. Mai gyaran moto, wato babur, ya ce ya yi mafarki yana hawan itace, yana ta hawa bai kai ƙarshe ba. Gwaggo ta riga ta ce masa ɗaukaka ce. Na ce itacen nan goben da yake yi wa masu moto ce, wadda ba ta taɓa zuwa. Mahauci ya ce sa ya tsaya yana kallonsa ido cikin ido. Na ce san nan zuciyarsa ce tana tambayarsa naman shekaranjiya da ya ce na yau ne. Wani tsoho ya ce kare ya bi shi har cikin masallaci, na ce, da ladabi dai, karen harshensa ne. Aka yi ta dariya, tsohon ya kwana uku bai amsa mini sallama ba.

Dakalin ya cika. Na ɗauka ilimi ne ya jawo su, har ina gaya wa matata cewa gari ya fara wayewa. Daga baya na gane ba wanda ya zo don ya san kansa. Suna zuwa ne su ji an yanka wani. Mutum zai tunzura abokinsa ya faɗi mafarki, shi kuwa ya ce ai shi ba ya mafarki, da ya kwanta sai asuba. Ni ma ban taɓa kawo nawa ba, kuma ba wanda ya lura. Gwaggo ta ji labari, sai ta aiko mini da ƙosai a leda, ta ce a gai da ɗan lakol, a ce masa sadakar wani ce da ya yi mafarkin jaki ya sa tabarau.

To, ga abin da ban faɗa wa dakalin ba.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da ƙanwata. Da mijinta ya rasu ta dawo gida da ƴaƴa uku, dattawa suka fita da mu gonar gado suka raba yadda addini ya ce, ni kashi biyu, ita ɗaya. Suka ja iyaka daga gindin wata aduwa zuwa wani suri, aka dasa gamba a kai. Gamba ba ta tafiya. In ta kama, tana nan shekara da shekaru, a yanke ta da kaka a yi zana, ta sake tohowa a gurbinta. A nata ɓangaren ƙanwata tana shuka gujiya da ɗan hatsi. Gujiyar take matsewa ta fitar da mai, ta yi ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa, da shi take ciyar da yaran nan, ta yi musu sutura. Ba ta da wata sana'a, ba ta da wani fili.

Ni kuwa a lokacin aya ta shiga raina. Kowa a yankinmu ya san abin da aya ke yi wa mai ita in ta yi kyau, kuma gefen da ya fi dacewa da aya a gonar shi ne wanda ya jingina da na ƙanwata. Wani rani na sa aka tumɓuke gambar. Na ce tana tara ɓeraye da macizai, kuma ba ƙarya na yi ba, akwai ɓeraye. Na ce za mu riƙa shuka yakuwa a kan iyaka kamar yadda kowa ke yi yanzu, ga miya ga shaida. Ƙanwata ta ce to, Yaya. Abin da yake tsakanin gamba da yakuwa shi ne ita yakuwa kowace damina sai an sake shuka ta, kuma wanda ya riga fita da sungumi shi ke nuna mata wurin zama.

Ni ke riga fita. Da an kira ni an ce ruwan shuka ya sauka, ko ranar aiki ce sai in hau moto, kafin ƙasa ta sha iska ina gona da ƴan ƙwadago. Ita sai ta gama da yara, ta nemo iri, ta fito ita da babbar ɗiyarta. Shekarar farko sahu ɗaya yakuwar ta matsa. Na ce wa kaina hannu ne ya karkace, ai ba da igiya ake sara ba. Shekara ta biyu na ce ai ni ke biyan harajin gidan. Ta uku na ce in yaran nan suka yi ciwo wa ake tasa. Ta huɗu ban ce wa kaina komai ba, na saba. Aduwa da suri suna nan inda suke, duk mai ido in ya tsaya a gindin ɗaya ya hangi ɗayan zai ga yakuwa ta yi ciki ta shiga gonar marayu. Ni dai na daina tsayawa a gindin aduwar.

Ran nan da safe, damina ta biyar, an gama noman farko, muna dakali ni da mahauci da mai gyaran moto da wasu biyu, sai ga ƙanwata. Ta tsaya daga nesa ta durƙusa ta gai da mutane, ta ce, "Yaya, in ka ƙare ina son ganinka daga ciki."

Na ce lafiya?

Ta ce, "Lahiya lau. Mafarki ne niy yi, ban hwaɗa ma kowa ba, ko gwaggo."

Wannan "ko gwaggo" ita ta kashe ni. Ƴar gidan gwaggo, wadda ta tashi a gindin kaskonta, ta tsallake ta ta kawo mini. Kaina ya yi girma har na ji hular ta matse. Na ce ai mafarki ba abin kunya ba ne, ta faɗa a nan kowa ya ƙaru. Ta ce ta fi son daga ciki. Na ce mutanen nan duk iyayenta ne da yayyenta. Na ɗauka za ta tashi. Sai ta gyara lulluɓi ta fara, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Rago nig gani, hwari, na gidanmu. Tare munka tashi da shi, na san shi ya san ni. Ina zamne ina ɓarar gujiya sai ya zo ya kwanta kusa da ni, ya kama bakin zanena shina ci. Ba da hushi ba, a hankali, kamar yadda suke tuƙa. Na ce bari in kore shi, sai in ji kunya, don na gida ne. Kullum in na duba sai in ga zanen ya rage. Ɗiyana na ɓoye bayana, zanen ba ya rufe su kuma. Ni dai ina ta jira ya ƙoshi ya bari da kanshi. Nan nif farka."

Ba na so in yi wa kaina ƙarya a rubuce. Tun kafin ta kai ga bakin zane na gane. Mahauci ma ya gane, don na ga ya shiga duba ƙasan kofinsa kamar ya ajiye wani abu a ciki. Garin nan ba wanda bai san hanyar da ta bi ta gindin aduwar ba. Abin da ya rage shi ne in buɗe baki in ce za a ɗaure ragon, in tashi in bi ta ciki.

Sai rabin awar Maradi ta kawo mini ɗauki. Na gyara zama, na yi murmushin da nake yi wa ɗan aji in ya kawo tambaya mai sauƙi. Na ce, "Kin ga, kuskuren mutanenmu ke nan, sai a tashi neman wane ne rago. Ba kowa ba ne. Ragon nan ke ce. Zuciyarki ce da ba ta godiya, kullum tana ganin abinki ya rage, tana hangen na wasu. Ita ke cin zanenki. In kika koyi wadatar zuci, rago zai bari."

Na ƙara da wasu kalmomi biyu na Faransanci don abin ya zauna. Mai gyaran moto ya yi wata ƴar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ta ce, "To, Yaya. Allah shi ƙara sani." Ta tashi ta kakkaɓe gwiwarta ta tafi.

Da zan so in ce daga ranar barci ya ƙaurace mini. A labaran da nake karanta wa yara a aji, mai laifi ba ya runtsawa. Ni na yi barcina har da minshari, matata shaida ce. Ayar ta yi kyau. Gujiyar ƙanwata ba ta kai ta ko'ina ba, kafin sanyi ya wuce ta ƙare, ta koma yin surfe da sussuka a gidajen mutane ana ba ta hatsi a ƙwarya, babbar ɗiyarta ta bar lakol tana taya ta. Ni malamin lakol, wanda ke bi gida-gida a ƙauyen wasu yana yi wa iyaye wa'azi a kan karatun ɗiya mace. Na aika mata da tiya biyu ta hatsi, na ji daɗin kaina ƙwarai. Tana gaishe ni kullum kamar da, ta durƙusa, ta tambayi gajiya. Na ce wa kaina ashe fassarar ta shige ta.

Abin da ya kai ni wurin gwaggo wani shirmen mafarki ne. Da hutun tsakiyar shekara na zo gida, na yi mafarki sufeton makarantu ya shigo ajina ya tarar ba ni da takalmi. Da safe na ce bari in je in tsokani tsohuwa, in ji ƙosai nawa sufeto ke ci. Na tarar da ita ita kaɗai, masu saye sun watse, tana kwashe na ƙarshe. Na gaishe ta, na zauna a kan turmi, na faɗa mata ina dariya.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Takalmi ne ba ka da? Sai ka saya, ai ka sai da aya."

Na ce, gwaggo, yau ba sadaka?

Ta ce, "Sadakarka ta hi ƙarhin kaskona." Ta sauke kaskon, ta goge hannu a zane, ta juyo ta fuskance ni. "Ɗan lakol, tambayarka zan yi. Ɗaki guda kunka tashi da yarinyar nan. Ka taɓa jin ta ce ta yi mafarki?"

Na yi tunani. Ban taɓa ji ba. Tun tana ƙarama in ta kwanta sai an yayyafa mata ruwa take tashi, har tsokanarta muke yi.

Gwaggo ta ce, "Ba ta yi. Wanga ma ba ta yi shi ba. Nan munka zamna, inda kake zamne, kwana ukku muna ɗinka shi ni da ita."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini tsinke.

Ta ce, "Kai da anka kai Maradi anka koya maka mafarki, hwaɗa mani, ƙanwa ta isa ta tsaya gaban wanta ta ce ka ci mani gona? Ta kai ka wurin mai gari, a ce ga wadda ta ja ɗan uwanta ƙara, ɗiyanta su tashi da wanga suna? To mi za ta yi? Sai ta yi mafarki. Uwarku haka ta yi ma ubanku shekarar da ya so ya sai da saniyarta. Ta ce ta ga an zare mata haƙori ba jini. Ubanku ko alif bai sani ba, amma ya ce alheri ne, haƙori zai koma. Da marece saniya na turkenta, ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya ba wani haƙuri. Rabin matan da ka gani bakin kaskon ga, kana tsammani barci ya kawo su? Suna hwaɗi ne da ƙarhi don mai shayin da ke kusa ya ji ya kai ma mazansu."

Shekara nawa ina yi wa tsohuwar nan dariya ina cewa ƙosai take sayarwa da sunan fassara. Ƙosan tana sayarwa, wannan ba shakka. Amma ashe kotu ce take riƙe da ita a ƙofar gida, wadda ake shiga a fita ba a kira sunan kowa ba.

Gwaggo ba ta gama da ni ba. Ta ce, "Ni cewa niy yi a sa kare. Ta ce a'a, Yaya ba kare ba ne. Nic ce to jaki. Ta ce a'a. Ita ta zaɓi rago, ta ce a sa hwari, a ce na gida ne, a ce ba da hushi yake ci ba. Ta ce kai ka goya ta ranar da ƙaya ta soke ta kuna dawowa daga kiwo, ba za ta sa maka dabbar da ba a layya da ita ba. Nic ce ta kawo mani nan in fassara da ƙarhi gari ya ji. Ta ce a'a, mafarki na bin bakin farko, tana so bakin farko ya zama naka, don in ka gyara a ce kai ka gani da kanka. Ta ce daga ciki za ta kira ka." Ta tsaya ta dube ni. "Ta kira ka daga ciki?"

Na ce ta kira.

"To."

Kunyar da na ji a kan turmin nan ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Ba satar ce ta fi ƙona ni ba, ko da yake sata ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar nan ta kwana uku tana neman hanyar da za ta karɓi abinta ba tare da ta zubar mini da girma ba, ni kuwa na ɗauki minti biyu na zubar da nata a gaban mahauci. Kuma da ilimi na yi, ilimin sanin kai.

Na rufe shagon dakali. Ba wanda ya yi kewarsa sai mai gyaran moto, da ya tanadi mafarkin wani abokinsa. Da bazara ta yi, ruwan farko ya sauka, na je bakin fadama na haƙo tushen gamba cike da amalanke. Ban kira dattawa ba, ban kuma ɗauki ƴan ƙwadago ba. Na ɗaura igiya a gindin aduwa na ja ta har suri, na bi ta ina dasawa ni kaɗai. A tsakiya, inda yakuwar ta fi yin ciki, na auna da ƙafa daga tsohon sahunta zuwa igiyar. Taki bakwai ne. Ni da nake cewa sahu ɗaya ne a shekara, ashe hannun nawa ya fi haka karkacewa. Masu wucewa suna yi mini sannu da aiki, ba wanda ya tambayi abin da nake yi, wanda ya nuna mini kowa ya sani.

Saura ba da haƙuri. A nan ma sai da wayona ya motsa. Na ce tunda hanyar gidanmu ke nan, bari ni ma in bi ta. Na kwana biyu ina ɗinka nawa mafarkin, na same ta da safe tana tankaɗe a tsakar gida, na ce, "Ni ma na yi mafarki, ban faɗa wa kowa ba. Na ga farin rago an ɗaure shi a turke, yana ta hawaye, yana amayar da zane."

Na ɗauka ya tsaru. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, "Ai ni ban iya fassara ba, Yaya. Kai kac ce duk abin da mutum ya gani shi ne. Ka kai ma gwaggo."

Da na ga mafarki bai karɓe ni ba, na faɗa mata da bakin mutane. Na ce na ci mata gona, na kuma ci mata fuska, ta yafe mini. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta faɗe shi yadda ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Ɗiyarta ta koma lakol da aka buɗe, aji ɗaya baya da sa'o'inta. Muna gaisawa, muna zumunci, in na yi rashin lafiya ita ke fara zuwa da kunu. Amma ba ta ƙara cewa tana son ganina daga ciki ba.

Bayan shuka ta tsiro a daminar nan na bi ta iyaka in ga ko gambar ta kama. Ta kama. Sai na ga wani abu. Gujiyar ƙanwata ba ta zo jikin gambar ba. Ta bar sahu guda cur, tun daga aduwa har suri, ba ta jefa ko ƙwaya ba. A yankin da mutane ke shuka har bakin hanya, har amalanke na taka musu hatsi, mace mai marayu uku ta bar sahu guda ƙasa tsirara. Na hango ta can tana cira, na ƙarasa na ce ta yi mantuwa, ko iri ne ya ƙare in kawo mata.

Ta miƙe ta dafa ƙugu, ta dubi sahun, ta ce, "Ba mantuwa ba ce, Yaya. Wanga na rago ne. In ya ji yunwa, ya tsaya nan."

Ta sunkuya ta ci gaba da cirarta.

Na yi ritaya yanzu, kullum ina gonar. Gambar ta yi kauri, ana yankan zana a jikinta. Gwaggo ta tsufa ta bar tuya, jikarta ce a kan kaskon, kuma na ji an ce mafarkai har yanzu ƙosai suke ci. Na roƙi ƙanwata ta shuka sahun nan, na aika matata ta roƙe ta, na sa gwaggo ta sa baki. Kowace damina tana fitowa da sunguminta, ta tsaya a jikin gamba, ta yi taki ɗaya baya, sannan ta fara sara. Ƙarangiya da tsidau ne ke fitowa a wurin, kuma ni nake nome su.